Lauya ya nemi in cire wani sashe daga rahotona na ƙwararren shaida

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni injiniyan gine-gine ne, kuma lauyan wani ɗan kwangila ya nemi in binciki dalilin rushewar wata katangar tare ƙasa, in rubuta rahoto, sannan in ba da shaida a kotu. Abu biyu ne suka hana ni sakat. Shekara shida da suka wuce, kamfanin da nake yi wa aiki a lokacin ya taɓa yi wa ɗan kwangilar nan zanen wani gini dabam, ko da yake hannuna bai shiga aikin ba. Na biyu kuma, da lauyan ya karanta daftarin, sai ya roƙe ni in cire sakin layin da ya nuna cewa ba a shimfiɗa magudanar ruwa a bayan katangar yadda zane ya tanada ba. Me ya kamata in yi?

Wata lauya:
Wa alaikumus salam, Injiniya. Sakin layin nan ba ya ciruwa. A Ingila, sashe na 35 na ƙa'idojin shari'ar farar hula, waɗanda suka fara aiki a 1999, ya ce nauyin da ke kan ƙwararre na taimaka wa kotu ya rinjayi duk wani nauyi na wanda ya ɗauke shi ko yake biyansa. Tun kafin nan, a shari'ar jirgin ruwa Ikarian Reefer ta 1993, Alƙali Cresswell ya zayyana cewa ƙwararre kada ya zama mai kare wani ɓangare, kuma kada ya tsallake hujjar da za ta raunana ra'ayinsa. Ruwan da ya taru a bayan katanga yana ƙara mata nauyin turi, don haka maganar magudana tana tsakiyar shari'ar, kuma injiniyan ɗaya ɓangaren zai gano ta. Batun tsohon kamfaninka ya fi sauƙi: ka bayyana shi a rubuce tun yanzu, ka bar kotu ta auna.

Tsohon injiniya:
Na yarda da Barista, sai dai ina so in ja hankalinka kan kuɗi, domin nan ne ake zamewa ba a sani ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ladan ƙwararren shaida na lokacinsa ne da iliminsa, ba na sakamako ba, shi ya sa bai dace a ɗaure biyanka da nasarar ƙara ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba cin hanci ba ne, sabo ne: ka yi wata uku kana zama da lauyoyin ɓangare guda, sai ka tsinci kanka kana cewa “shari'armu”. Kariyarka ita ce hanyar bincikenka. A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na 1999 a shari'ar kamfanin taya Kumho Tire, wanda ya taso daga fashewar tayar mota, ya tabbatar da cewa alƙali zai tantance ingancin hanyar da injiniya ya bi kamar yadda ake yi wa masanin kimiyya. Ka gwada ƙasar, ka ajiye hotuna da lissafinka, ka kuma faɗi inda iliminka ya tsaya.

Wata lauya:
Ƙarin bayani kaɗan, don kada a ɗauka duk gyaran lauya laifi ne. Yana da damar cewa jimla kaza ba ta fito sarai ba, ko ka tsoma baki a hukuncin doka wanda ba hurumin injiniya ba ne. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ra'ayinka da hujjojin da ka gina shi a kansu.

Mai tambaya:
Na gode, Barista, na gode, Yallaɓai. Gobe zan rubuta wa lauyan cewa sakin layin yana nan daram, tare da bayanin tsohuwar alaƙar. Idan ya ce ya fasa aiki da ni, wa ke da ikon riƙe sakamakon gwajin ƙasar da na riga na yi?