Waɗanda aka taɓa dawo wa da kundi saboda kwafe, ku ba mu labari

Yaya daga Nima: Assalamu alaikum. Makon jiya ƙanwata ta miƙa kundin kammala digiri, aka dawo mata da shi, wai na'ura ta nuna rubutun ba nata ba ne. Kwana biyu ke nan ko abinci ba ta iya ci. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda aka ƙare.

Ɗaliba daga Mamobi: Wa alaikumus salam, Yaya. Ki kwantar mata da hankali tukuna, ni ma na sha wannan. Turnitin ake kiran manhajar. Ba ta yanke wa kowa hukunci. Gwada rubutu take yi da shafukan intanet, mujallun bincike da ayyukan ɗaliban baya, ta shafa launi a kan jimlolin da suka zo ɗaya, ta fitar da kaso. Nawa har jerin littattafan da na duba da fassarar ayoyi ta lissafa. Da malamata ta ware waɗannan, sai sakin layi uku suka rage, waɗanda na ɗauko daga wata mujalla ban ambaci mai su ba. Wallahi ban san laifi ba ne, babu wanda ya taɓa koya mini. Wata guda na yi ina sake babi na biyu.

Ɗan Sabon Zango: Na abokina ya fi muni. Kuɗi ya biya aka rubuta masa. Na'ura ba ta kama shi ba, ranar kare kundi ce ta tona. Aka ce ya yi bayanin jadawali ɗaya, ya tsaya yana gumi. Shekara ta tafi, muka sa rigar yaye ba da shi ba, mahaifinsa ya sake neman kuɗin makaranta. Har yau idan na tuna fuskar tsohon nan sai raina ya ɓaci.

Malami daga Madina: 'Ya'yana, sau da yawa mukan gane kafin na'ura. Ɗalibin da ka san Turancinsa shekara huɗu, rana ɗaya salonsa ya canza a tsakiyar shafi, ai ka san da hannun wani. Kada kuma ku ba aboki aikinku ya miƙa, domin manhajar na iya adana na farko, ku duka ku shiga uku. Tun 2023 aka ƙara mata sashen gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, amma yana kuskure, shi ya sa ba na hukunta yaro sai na zauna da shi. Abin da ke damuna, mu da muka tashi a makarantar allo da zaure mun san isnadi: ba a kawo magana sai an ce wane ne ya faɗa.

Baba daga Fadama: Gaskiya ne, Malam, kuma abin ba ya barin manya. A 2011 jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron Jamus, Guttenberg, ya sauka daga muƙami. Mu nan Ghana ma, jawabin rantsar da shugaban ƙasa na Janairun 2017 an samu kalaman Clinton da Bush a ciki, sai da aka ba da haƙuri.

Yaya daga Nima: Allah ya saka da alheri. 'Yar Mamobi, gobe za ta karɓo rahoton mai launin. In kina da lokaci bayan la'asar, za mu zo ki duba mana.