Tambaya kan jana'izar ɗan'uwanmu da ya rasu a filin tseren babura

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto wannan tambaya cikin alhini. Abokin hawanmu, wanda ya koya wa yawancinmu ɗaure hular kwano tun muna matasa, ya rasu a Faransa ranar da aka buɗe filin tsere domin masu babura su yi atisaye. Babur ɗinsa ya zame a kan kwana, kuma rai ya yi halinsa kafin a kai shi asibiti. Allah ya jiƙansa.

Har yanzu hukuma na riƙe da gawar saboda bincike. Mahaifiyarsa ta dage a kawo shi gida ta Duwala, yayyensa kuwa suna ganin a yi masa sutura a can, tunda addini ya kwaɗaitar da gaggauta binnewa, ga kuma tsadar jirgi. Ni ma ra'ayina ke nan, amma hawayenta sun ɗaure mana baki.

Idan aka binne shi a can, shin za mu iya yi masa salatul ga'ib (sallar jana'iza ba tare da gawa ba) a nan, alhali malamanmu na Malikiyya suna cewa sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha, daga nesa ta keɓanta da shi? Kuma yaushe ya dace a fara karɓar gaisuwa?