Wa ya cire tsoro daga gem ɗin tsoro?

Ɗan Fagge: Jama'a, ina nan kan maganata ta jiya. Resident Evil 4 ne ya kashe gem ɗin tsoro. Tun da ya fito a 2005 abin ya koma harbe-harbe kawai.

Tsohon Hannu: Na goyi bayanka, ƙanena. Wanda bai buga na farko ba, na 1996, bai san me muke nufi ba. Harsashi ƙirga shi kake yi. Cikin jaruman da kake zaɓa, Jill gurbi 8 gare ta na ɗaukar kaya, Chris 6. Ko ajiye wasa ba ka isa ka yi yadda ka ga dama ba, sai ka samo zaren tawada ka kai wa tafireta. Ga kyamara a kafe wuri guda, kana jin gurnani a lungu amma ba ka ganin mai yin sa. Ranar da karen nan ya faso taga a wani gidan gem na unguwarmu, yaron da ke kusa da ni har takalminsa ya bari.

Injiniya: Yaya, da girmanka, amma ku biyun kun ɗora laifi inda ba nan yake ba. Shinji Mikami da ya jagoranci na farko shi ne ya jagoranci na 4. Kuma ku tuna ƙauyen farko a na 4, da mai zarton inji da buhu a ka. Wa bai yi gumi a nan ba? Idan laifi kuke nema, ku je na 5 a 2009: rana tsaka, kai da abokin wasa, Chris da Sheva. Ina tsoro zai shiga kana hira da mutum a gefe? Na 6 a 2012 kuwa fim ɗin yaƙi ne, ba wani abu ba.

Ɗan Fagge: To wa ya buɗe musu ƙofa? Ba na 4 ne ya kawo ɗan kasuwar da ke sayar maka da bindiga ba? Ka kashe dodo, kuɗi ya faɗo. Daga nan dodo ya zama abin farauta.

Hajiyar Gem: Ni abin da ke ba ni dariya, kuna ta kuka da gawar da ba ta mutu ba. Amnesia ya fito a 2010 daga wani ƙaramin kamfani a Suwidin, ko sanda ba a ba ka ba. Outlast a 2013, kyamara ce kawai a hannunka, batir na ƙarewa. Manyan kamfanoni ne suka bi kasuwa, kamar yadda EA ta yi da Dead Space 3. Ƙanana ba su bi ba.

Tsohon Hannu: Hajiya, gudu da ɓuya kaɗai ba shi ne tsoro ba. Bayan awa biyu ka gane hanyar dodon, sai ya zama wasan ɓuyan yara. Tsoron gaske shi ne kana da bindiga, harsashi uku, maƙiya biyar. Silent Hill na 1999 ma da makami ake yi. Hazon nan nasa, rashin ƙarfin PlayStation ne ya sa aka zuba shi don ya rufe nesa, sai ya zama shi ne abin tsoron, shi da rediyon da ke shuuu in abu ya matso.

Injiniya: Ai Capcom, mai yin Resident Evil, da kanta ta dawo hanya. Na 7 a 2017, gidan Baker a Louisiana, da idonka kake kallo. Har sai da suka sassauta a Village, wanda ya biyo bayansa, saboda wasu sun ce ya yi musu yawa.

Ɗan Fagge: Ka ga ni! Da kanka ka faɗa, sun sassauta.

Hajiyar Gem: Malam, ka wuce gidan 'yar tsana a Village? Inda ake ƙwace maka makamai, jaririn nan ya biyo ka yana kuka?

Ɗan Fagge: Wuta aka ɗauke a daidai wurin.

Hajiyar Gem: Wata takwas ke nan ba a dawo da ita ba?