Kai keke Gashaka-Gumti daga Zariya: waɗanda suka je su yi magana

Mai tambaya, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu muke shirin kai kekunanmu Gashaka-Gumti idan damina ta ɗauke. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa su faɗa mana gaskiyar hanyar: ina keke ke shiga, ina ba ya shiga, me ya fi lalacewa. Kyan wurin mun gani a hoto, ba shi muke tambaya ba.

Dattijon 'yan keke, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka fara sanin cewa Gashaka-Gumti gandun daji ne, kuma kashi biyu ne. Shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, an mayar da shi na ƙasa a 1991. Ɓangaren Gumti na arewa fili ne da ciyawa, ta Toungo ake shiga. Duwatsu da kurmi suna kudu, ɓangaren Gashaka, kuma ƙofarsa Serti ce, inda hedikwata take. Daga nan Zariya ku bi Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sai Serti. Ku ware kwana biyu a mota, kada ku yi tafiyar dare.

Hanyoyin da keke zai ci uku ne. Serti zuwa ƙauyen Gashaka hanyar ƙasa ce, wuni ɗaya ta isa, da tsallaken rafuka. Gashaka zuwa Kwano, inda masu binciken birai suka kafa sansani, gajera ce a taswira amma rabinta turi ne da ɗauka. Ta uku kwalta ce a wajen gandun: Serti, Mayo Selbe, a haye dutse zuwa Maisamari, Nguroje, Gembu a kan tsaunin Mambila. Wanda ya ce muku zai kai keke ƙolin dutsen Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, baki ne kawai. Wancan da ƙafa ake yi, kwanaki, da masu ɗaukar kaya.

Lokaci kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Kafin nan ruwa bai janye ba, ciyawa ta rufe turba. Daga Maris zafin kwari ba ya kyale mutum.

Mai gyaran keke, Sabon Gari:
Baba ya gama magana kan hanya, ni bari in taɓa ƙarfe. Keken da aka saita wa Zariya ba na can ba ne. Garinmu shimfiɗe yake, mutum zai shekara bai taɓa ƙaramar giya ba, birki kuwa sai a kwanar PZ idan Keke Napep ya yanko. Can giya da birki su ne rayuwarka.

Giya: ƙaramin faranti na gaba haƙora 22, babban na baya 34 ko 36. In na bayanka ya tsaya a 28, da kaya a kariya ba za ka haye Mayo Selbe ba, za ka sauka ka tura.

Birki shi ne inda mutane ke raina lamarin. Kowa tsoron hawa yake, alhali gangara ce ke kayar da mutum. In birkinka na roba ne mai kama gefen wili, ka danne shi ba saki a doguwar gangara, wilin zai yi zafin da ba ka iya taɓawa, iskar ciki ta kumbura, sholishon tsohon faci ya narke, taya ta fashe kana cikin kwana. Dabarar ita ce ka kama da ƙarfi, gudu ya ragu, ka saki, ka sake kamawa. Duk bayan minti goma ka tsaya ka taɓa wilin da bayan hannu. Mai birkin faifai ma bai tsira ba, yana zafi har ya daina ci, kuma kada a kwara masa ruwa yana zafi, lanƙwashewa yake. Na fi son na faifai mai waya a kan mai mai, domin waya in ta tsinke ko mai gyaran babur a Nguroje zai yi maka dabara, mai kuwa in ya zube ka zama mai tafiya ƙasa.

Abin da kowa zai riƙe a jakarsa: tib biyu, faci da sabon sholisho wanda ba a buɗe ba, robar birki saiti biyu, wayar birki ɗaya da ta giya ɗaya, mahaɗin kaca biyu, sifok huɗu daidai tsayin wilin baya, da ɗan ƙarfen da mai canza giya na baya ke rataye a jiki. Wannan ɗan ƙarfen kowane keke da irin nasa, ba za ka same shi a Serti ba, a Jalingo ma sai sa'a, kuma shi ne farkon abin da ke lanƙwashewa in keke ya faɗi ta dama. Wanda ke da zaɓi ya tafi da wili mai inci 26, tayarsa ta fi samuwa a ƙananan kasuwanni fiye da 29.

Mai tambaya, Samaru:
Maigida, iska nawa za mu sa a taya?

Mai gyaran keke, Sabon Gari:
Taya mai faɗin inci 2.1, mutum matsakaici da kaya: a ma'aunin iska na PSI, 40 zuwa 45 a kwalta, 32 zuwa 35 a ƙasa. In ka rage fiye da haka dutse zai matse tib da wili, ka ga huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Kuma kada a zuba baƙin mai a kaca. Da ƙurar hunturu haɗuwa suke su zama kamar yashi, su cinye haƙora. Man keke ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a goge sauran da tsumma.

Wani daga Wusasa:
Ban yarda da Baba a kan wuni ɗaya ba, in har da kaya sama da kilo 15 kuke. Ba nisa ne ke cin lokaci ba, rafuka ne. Kowane tsallake sai an kwance jakunkuna, a fara haye su, a dawo a ɗauki keke a kafaɗa. Wanda ya yi ƙyuya ya tura cikin ruwa, ruwa da yashi za su shiga boris na wili da na tsakiyar feda su wanke giris, bayan kwana biyu ya fara jin ƙara. Keken a riƙe shi ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, don in ya kwace kada ya haɗa da ƙafarka. Ku tashi da asuba.

Atisaye kuma, zagaya dutsen Kufena ba ya wadatarwa. Ku ɗora kayan da za ku je da su, ku yi Samaru zuwa Giwa da dawowa kwana biyu a jere, don ku ji abin da sirdi ke yi wa mutum a rana ta biyu.

Ma'aikacin jinya, Gyallesu:
Tsando na nan a bakin rafuka da cikin kurmi, cizonsa yana ratsa riga mai laushi, kuma shuɗi da baƙi ke jawo shi. Rigunan 'yan keke masu kama jiki ba su da amfani a can. Ku sa ruwan ƙasa ko launin kaki, mai dogon hannu, sakakke. Gidan sauro da maganin zazzaɓi dole ne. Ruwan rafi a tafasa, kada a yi wanka a kwantaccen ruwa saboda tsargiya. A hawa mutum na iya shan lita ɗaya a awa, kuma ruwa zalla ba ya hana jijiya ɗaurewa: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kan Mambila akwai sanyi sosai da dare, wanda ya haye da jiƙaƙƙiyar riga ya canza nan take.

Dattijon 'yan keke, Tudun Wada:
Na Wusasa ya fi ni gaskiya, na manta yara da lodi suke tafiya. Abu ɗaya da ban faɗa ba: ba a shiga gandun sai da izini daga ofishin Serti, kuma da ma'aikacin gandun za a haɗa ku. Shi ba keke yake hawa ba, ku shirya kuɗin babur da mai dominsa. Ku kira ofishin kafin ku baro gida ku tambayi halin tsaro, in suka ce wata hanya a rufe take to a rufe take. Da kun bar Serti waya sai a hankali, kuɗi a hannu. Inda aka ce akwai dorina a kogin Mayo Kam kada wanda ya sauka bakin ruwa da yamma. Abinci a rufe cikin jaka, gwaggon biri ya san zif.

Direban mota, tashar Kwangila:
Yallaɓai, in za ku ɗora a saman mota ku cire wilin gaba da feda biyu, ku kwance mai canza giya na baya ku naɗe shi da tsumma, ku sa kwali tsakanin keke da keke. Fedar hagu zarenta a juye yake, ta dama ake murɗa ta kafin ta kwance. Ku tsaya a kai lokacin da yaran mota ke ɗaure igiya, don a kan sifok suke ja.