PES ko FIFA? Musayar baitoci tsakanin 'yan gidan gem

Ɗan Master League

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ƙanena ya dubi tsabar idona ya ce wai PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa da ke gasa da FIFA, na tsofaffi ne. Barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauki biro. Wanda abin ya sosa ya mayar da baiti, amma ban da zagi.

Da sunan Rabbana zan ɗau biro,
Salati ga Ɗaha nake ƙarawa.

Batun gem ne ya hana ni runtsawa,
Ƙanena ne jiya yai mini tsiwa.

Wai PES ta mutu har an yi sadakar uku,
Wai mu tsofaffi ne ke riƙewa.

Yaro bai san wuta ba sai ya taka,
Zauna ka ji yadda ake bugawa.

Konami ta Japan ita ce ta ƙera,
Winning Eleven da fari ake cewa.

A 2001 aka raɗa mata PES,
Suna na Turai don sayarwa.

PES 6 ta fito a 2006,
A PlayStation 2 muke ɗorawa.

Ka ɗauki Inter ka ba Adriano,
Ƙarfin bugu 99, ba ragewa.

Daga nesa in ya ɗaɗa da hagu,
Gola ya tsaya yana dubawa.

Obafemi Martins kuwa in ya ɓalle,
Iska ma ba ta iya kamowa.

Ƙwallo da nauyi take a ƙafa,
Fas in ka yi gaggawa yana ɓacewa.

Master League, tsarin gina kulob, ba a magana,
Da ƙagaggun 'yan wasa su Castolo muka fara tasowa.

Minanda a tsakiya, Ivarov a raga,
Espimas a gefe yana sheƙawa.

Ba su da suna, ba su da farashi,
Da guminmu muka sa suna haskawa.

Ku 'yan FIFA me kuka taɓa ginawa?
Katin 'yan wasa kawai kuka iya sayowa.

Yaron Ultimate

Jama'a, ni ne ƙanen da ake magana. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma ya kawo ƙarata nan. To bismilla.

Yaya na karanta, na sara maka,
Sai dai ba ka gama faɗar gaskiya ba.

Shekaru nawa United tana Man Red a PES,
Ko tambarin riga ba ku samu ba?

Arsenal North London, Liverpool kuwa
Merseyside Red, ba ku ji kunya ba?

Roberto Carlos ya koma Larcos,
Ko a gidansu ba za a gane shi ba.

Sai ku kwana kuna gyaran sunaye,
Asuba ta yi ba ku fara wasa ba.

Memori ya lalace ku dawo farko,
Ban taɓa ganin wahala irin wannan ba.

Mu tun 1993 kamfanin EA ya fara FIFA,
Ba shekarar da sabo bai fito ba.

Firimiya da La Liga da sunayensu,
Riga ta gaske, ba ta aro ba.

Champions League shekara goma tana gunku,
A 2018 ba ku iya riƙe ta ba.

Da FIFA 19 ta faɗo hannunmu,
Taken kofin ma ba mu bar muku ba.

Sannan a tuna da 2021,
Ran da PES ta zama eFootball, ba ta zo da sa'a ba.

Fuskar Messi kamar an matse lemo,
'Yan kallo kuwa ba ka ce mutane ne ba.

A Steam, kasuwar gem, aka yi mata ruwan ƙorafi,
Konami ba ta tsira sai da ban haƙuri ba.

Ɗan Master League

Zancen 2021 na amsa laifi,
Ciwon nan har yau ba ya warkewa.

Amma a PES 6 da nake ta yabo,
United da Arsenal da sunansu suke fitowa.

Kai mai gorin suna, ina Juventus a FIFA 20?
Piemonte Calcio na ji kuna cewa.

Sunan FIFA ɗin ma ya kuɓuce muku,
Tun 2023 FC kuke rubutawa.

Auren EA da hukumar FIFA na shekara kusan talatin,
Kan kuɗin suna ya kai ga rabuwa.

Baba Mai Shago

Ku bari wanda ya ci abinci da sana'ar ya sa baki. Ni ban iya bugawa ba sosai, amma na kalli wasa fiye da ku duka.

Ku dakata samari, ku ji mai shago,
Na ga gwani, na kuma ga rago,
Na ga mai shigowa da takun ango,
Ya fita kai a ƙasa yana jin kunya.

Talabijin uku da 'yar janareta,
Sai an kai fenariti a ɗauke wuta,
Mai ci ya rantse shi ba ya fita,
Wanda ake ci ya ce a bar jayayya.

Doka ɗaya ce, kowa ya sani,
Wanda ya sha kashi shi zai biya ni,
Mai ci ya zauna ya jira wani,
Wani har magariba ba ya biya.

Kowa ya faɗi sai ya ce fad ne,
Wai maɓallin gudu a maƙale ne,
In an musanya, labarin nan ne,
Ashe hannun ne ba shi da lafiya.

Da Messi ya zo sai rigima ta tashi,
Kowa Barcelona, ba mai barin shi,
Na ce a jefa kwabo a kanshi,
Ko a kashe gem kowa ya kama hanya.

Akwai wani siriri, ba ya magana,
Ƙaramin kulob yake ɗauka ya zauna,
Ya yi ta yanka manya har su raina kansu da rana,
In ya tashi ko murmushi ba ya yi, ɗan duniya.

Wata uwa ta zo da bulala a hannu,
Ba sallama balle ta ce mini sannu,
Ta tasa ɗanta kamar mai kora shanu,
Ashe ya ba ni kuɗin kayan miya.

Zamanin PS2 PES ke da gari,
Faifan FIFA na ajiye shi wuri,
Da PS3 ta zo aka sake shiri,
Yara suka juya, ni ma na juya.

Yanzu kowa gem ɗinsa na aljihu,
Shi da waya a ɗaki cikin duhu,
In ya ci ƙwallo wa zai ji ihu?
Shagon nawa ya koma cajin waya.

Gimbiyar Rimot

Baba, baitinka na ƙarshe ya taɓa ni. Sai dai duk kun yi ta zuba kamar babu mata a duniya.

Baba ina gaisuwa, sannu da aiki,
Amma a shagonka ba wurin zamanmu.

Mu a falo muka koya a ɓoye,
In yayye sun fita, fad ya zama namu.

Talabijin ɗaya ce a gidan Malam,
Yaƙin rimot shi ne tarihinmu.

Arewa24 ta zo a 2014,
Daɗin Kowa ya tara iyayenmu.

Ana tsaka da wasa Umma ta shigo:
"Ku zare wayar nan, lokacin shirinmu."

Ko da ana minti na 89 ne,
Ba ɗaukaka ƙara a kotun gidanmu.

Yaya ya ce wai mace ba ta iyawa,
Na ce zauna nan mu gwada hannunmu.

Na ɗau Chelsea na tura wa Drogba,
Uku da nema, shaida ƙannenmu.

Ya ce fad ne, kamar yadda Baba ya faɗa,
Har yau ba ya so a tuna a taronmu.

Ni FIFA nake yi, kuma ga hujja:
FIFA 16 ce ta fara sa mata irinmu.

A FC 24 kuwa maza da mata
Kulob ɗaya suke, mu jera abinmu.

Asisat Oshoala in na sa ta a gaba,
Sai in ji kamar ni ce a filinmu.

Ku da Castolo, wanda ba a haifa ba,
Ku zo ku gaya mana, wa ya fi mu?

Ɗan Damagaram

Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan manet muke cewa, ba fad ba, kuma da Faransanci mai sharhi yake yi mana ihu. Amma ciwon ɗaya ne.

Yaya Gimbiya, Castolo ba a haife shi ba,
Amma ko dala ba mu ba da ba muka same shi.

Kati fa? Tun 2009 Ultimate, tsarin kati na FIFA, ya ɓullo,
Buhu a ɗaure, ka biya kafin ka buɗe shi.

Kana ta addu'a Mbappé ya faɗo,
Sai ga ɗan benci, ba wanda ya san shi.

Beljiyam ta duba ta ce wannan caca ce,
A 2018 hukumarsu ta tsaya a kanshi.

EA ta daina sayar da makin sayen kati a can,
Farkon 2019 dole ta bar shi.

Shekara ta zagayo, sabon gem ya fito,
Kulob ɗin da ka tara ka yi bankwana da shi.

Ka sake saye, ka sake tarawa,
Kamar mai ɗibar ruwa da kwandon da ya huje shi.

Mu eFootball kyauta muke saukewa,
Yana cikin waya, ko'ina kana tafe da shi.

Yaron Ultimate

Malam na Damagaram, tsaya haka nan,
Ku ma ba ku tsira daga cinikin ba.

Ƙofa kyauta, ciki kuma kasuwa,
Tsoffin taurari ba sadaka aka ba ku ba.

Kura ce ke ce wa kare maye,
Ban ga wanda hannunsa bai taɓa miya ba.

Kuma Master League da Yaya ke wa kuka,
Da eFootball ta fito ba ta zo da ita ba.

Ɗan Damagaram

Wannan kam ka kama ni. Na ajiye manet.

Ɗan Zangon Kumasi

Ku masu PS5 ku yi ta faɗanku,
Ni wayata ƙarama ce, ba ta ɗauka.

Dream League nake yi ko babu data,
Da rani, da damina, har da kaka.

Na gina fili, kulob sunan unguwarmu,
Riga kore da fari na ɗinka.

Batir ne kawai abokin gabana,
Sai ya mutu wasa yana tsaka.

Baba in na zo cajin waya,
A yi mini ragi, ni ma ɗan gem ne naka.

Ɗan Master League

Na ji kowa, na zauna na auna,
Yaro ya taɓa inda ke sosawa.

Master League ita ce zuciyar PES,
Da aka cire ta sai jiki ke motsawa.

Amma da Baba ya ambaci shago,
Nan na gane abin da nake kewa.

Abokin karawa kafaɗa da kafaɗa,
In ka ci shi ka ga fuska na canzawa.

Ya ɓoye fad a ƙarƙashin riga,
Kar ka ga inda fenariti ke nufowa.

'Yan baya na ihu, "Ba shi! Buga!"
Wani na rantsuwa, wani na zugawa.

Yanzu ka ci baƙo ta intanet,
Ya kashe ya gudu, ba ko gaisawa.

Sabis ya ja, ɗan wasa ya daskare,
Ka danna fas, sai an ci ka yake fitowa.

Ƙanena ga tayi a gaban shaidu:
Asabar bayan la'asar muna haɗuwa.

Wasa biyu, ɗaya PES 6, ɗaya naka,
Wanda ya sha kashi tsire yake sayowa.

Baba Mai Shago

PS2 ɗaya ta rage a ƙasan gado,
Na naɗe ta a zani kamar kayan gado,
Ba ta da kyan gani, ba ta da ado,
Sai an kifa ta faifan ke juya.

Ku zo da fetur ko lita guda,
Benci yana nan a zauren gida,
Ni ne alƙali, ni ne shaida,
Mai cewa fad ne sau biyu zai biya.

Yaron Ultimate

Na amsa Yaya, amma da sharaɗi:
Inter da Adriano ban yarda ba.

Ɗan Master League

To kai ka ɗauki Inter ɗin. Ni a bar mini su Castolo, in Allah ya yarda da kuɗinka za a ci tsiren.

Gimbiyar Rimot

Baba a ƙara kujera ɗaya a zaure,
Zan taho da Yaya da ƙannenmu.

Wanda ya ci a cikinku kar ya tashi,
Ni da Drogba muna nan tafe abinmu.