Kachalla ta hana ni ɗaukar hoton tsuntsaye a Nguru

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar hoto. Don Allah ina neman shawara.

Tun shigowar sanyi nake zuwa fadamar Nguru ɗaukar tsuntsaye, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka. Kyamarar Nikon D3500 nake riƙe da ita, da gilashin jawo nesa mai 70-300mm. Matsalar ita ce kachalla, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa. Zalɓe zai tsaya cak a bayanta, ina latsawa sai fokas ya kama ganyen gaba, kachalla ta fito raɗau, tsuntsun kuwa dishi-dishi. Na koma saitin da fokas ke kama ɗigo ɗaya kawai na tsakiyar hoto, an ɗan samu sauƙi, amma kwalekwale na motsawa shi ke nan, ya kuɓuce. Mazari kam ba a magana, kafin in saita da hannu ya tashi.

Ga balbela kuma, da rana ta ɗaga sai ta fito fari fat, ko layin gashi babu, alhali ruwan ya yi daidai.

Shin akwai saitin da zai magance waɗannan, ko sai na canza gilashi? Kuɗin gilashi mai 500mm dai ba ni da shi yanzu. Na gode.