Ina neman shawara kan unguwar da ta dace da mai iyali a wajen garin Gombe

Baban Yara:
Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina haya a Jekadafari tare da maiɗakina da 'ya'ya huɗu, yanzu kuma Allah ya hore mini abin da zan sayi gida matsakaici, amma kuɗin ba za su kai ga cikin gari ba. Dillali ya nuna mini gidaje biyu, ɗaya a Tumfure ta hanyar Bauchi, ɗayan kuma can bayan Malam Inna. Ginin duka biyun ya kwanta mini, sai dai abin da ya fi damuna shi ne tarbiyyar yara da sauƙin rayuwar uwarsu idan na fita aiki. Me ya kamata in duba kafin in biya?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, Malam. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi gida a Gombe da rani. Garin nan yana cikin kwari ne, ruwan da ya sauko daga tudun yamma yana ratsa unguwanni da ƙarfi, shi ya sa zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin gidajen mutane. Gidan da ka gani tsaf a watan Maris yana iya zama a bakin rami bayan damina biyu. Ka jira Agusta, ka je washegarin ruwa mai yawa, ka taka da ƙafa har ƙarshen layin, ka ga inda ruwan yake bi da kuma ko akwai magudana. Ka dubi gindin katanga: idan gansakuka ta kama shi ko kuma an yi masa sabon yaɓe shi kaɗai, ka tambayi dalili. Na taɓa gina wa wani bawan Allah gida a filin da aka cike kududdufi, na yi masa magana bai ji ba, har yau kuma abin yana damuna, domin cikin shekara uku bangon ɗakin yaransa ya tsage.

Sai batun ruwan sha. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, kuma ba kowace sabuwar unguwa ya kai ba. A kan tudu ruwan ƙasa yana da zurfi, haƙa burtsatse yana cin kuɗi sosai. Ka tsayar da mai turo kurar ruwa ka tambaye shi nawa yake sayarwa a watan Afrilu, sannan ka lissafa abin da mutum shida za su sha, su yi wanka da wanki a wata.

Malamar Firamare:
Baba ya yi maganar ƙasa, ni kuma zan yi ta mutane. Yaya, don Allah ka tafi da maiɗakinka, domin ita za ta wuni a unguwar, kuma idan ta shiga gida biyu ko uku ta gaisa da mata, za ta jiyo abin da dillali ba zai taɓa faɗa maka ba. Ku je da La'asar, lokacin da yara ke komawa Islamiyya, ku ga ko layin cike yake da masu allo da jaka ko kuwa da samari zaune a kangwaye. Yawan kangwaye abin lura ne ƙwarai a sabuwar unguwa. Ka yi sallar Isha'i a masallacin layin ko da sau biyu ne, ka ji ko akwai 'yan sintiri da kuma yadda maƙwabta suke haɗa kuɗinsu. Ka auna nisan makaranta da ƙafar ɗan shekara shida, musamman idan sai ya tsallaka babban titi, ka kuma tambaya ko ana samun keke napep da dare idan naƙuda ko zazzaɓin yaro ya taso.

Ma'aikacin Ƙasa:
Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna ne, saboda haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ba. Ka kai bayanin gidan ofishin GOGIS, wato hukumar kula da bayanan filaye ta Jihar Gombe, a bincika maka sunan da ke kansa. Idan gidan gado ne, kada ka ba da ko sisi sai dukan magada sun amince a rubuce, har da mata.

Baban Yara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na shaida wa dillalin cewa sai damina ta yi nisa zan yanke shawara, ranar Asabar kuma zan kai uwar yaran Tumfure da La'asar.